Na'urorin Bincikena da Aka Fitar daga Firigo Saboda Naman Layya

Zuwa ga Mai Girma Darekta,
Cibiyar Taimakon Manoma ta Albarkar Gona, Dungas.

Daga Dokta Salima Hamissou, Guci.

10 ga Yuni, 2025.

Game da: Lalacewar kayan bincike a hannun ma'aikatanku.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da barka da Salla, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Shekara shida na yi ina karatun gano ƙwayar sinadari guda tak. Na dawo gida da ƙananan na'urori arba'in, kowace ba ta kai farce ba, masu gano gubar da ke ɓoye cikin gyaɗar da ta yi fumfuna. Zafi na kashe su. A Guci ba mu da kuran, wato wutar lantarki, shi ya sa ranar 26 ga Mayu na damƙa su amana a firigonku, da sa hannunka.

2. Washegarin Salla, Malam Mansur mai riƙe da makulli ya fitar da akwatin na'urorin ya ɗora a taga, ya cika firigon da naman layyar ma'aikata. Ya ce wai ya girgiza akwatin ya ji ba nauyi. Naman da iyayenmu ke soyawa ya yi wata shida ba firigo, Ranka ya daɗe!

3. Jiya na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba ta aiki. Na buɗe firigon, jini ya daskare a inda sunana yake manne.

4. Da na yi magana, ba wanda ya ce in yi haƙuri. Sai da yamma aka aiko mini da cinyar rago a kabukabu.

Jami'ar da ta ɗauke ni aiki tana jiran sakamako ranar 30 ga Satumba. In babu, kwantiragina ta ƙare, matan Guci kuma su ci gaba da yin ƙuli da gyaɗar da ba wanda ya duba.

Don haka ina roƙon takarda mai hatiminka, kafin ƙarshen wannan mako, mai shaida cewa a hannunku kayan suka lalace, ko jami'a ta ƙara mini lokaci.

Ga cinyar nan na haɗo da wasiƙar. A mayar da ita firigo, tunda ita ke da wuri a can.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai ladabi,
Dokta Salima Hamissou.