Ƙarar Harbi a Ajina

Daren Talata, Bukkuyum

Barci ya ƙi zuwa. Yau na ba 'yan ajina labarin wani ɗan wasan finafinan kaboyi, wanda ya tsufa ana harbo shi daga kan doki don jarumi ya yi fice. So nake su ga ƙaramin matsayi ma yana da daraja. Sai na kunna wani fim ɗinsa da lasifika. Harbi na tashi, yara suka shige ƙarƙashin benci, sun zaci 'yan bindiga ne suka shigo gari. Innar ɗalibata Sa'adatu ta faɗo ajin ba takalmi, tana haki.

"Malam, garin ga za ka kunna muna harbi? Ɗiyata ba ta komowa!"

Sa'adatu ce kan gaba a ajin. Da sassafe zan je in durƙusa wa Inna. Allah ya sa ta saurare ni.