Wantan Aikin Mutum Biyu Ne

Zuwa ga matata, Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin huta. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, ba kuma wanda zan ba ya kai. Amma wata bakwai ke nan ina magana da bango, gara dai in yi da takarda.

Gida lafiya. Matan zumunta na coci sun rage zuwa tun wata na uku, ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ya dame shi. Maƙwabciyarmu Mama Nkechi tana miƙo mini miya ta kan katanga ran Lahadi. Rufin kicin yana yoyo a daidai inda kika sha nuna mini, har yau ban gyara ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne Hannatu. Tun ranar da muka dawo daga binne ki, 'yarki ba ta sake taka gidan nan ba. Makera zuwa Sabon Tasha wace tafiya ce? Takan kira ni a waya ta tambaya ko na sha magani, amma in na ce ta zo sai ta sauya magana. Mijinta ya ce ba fushi take yi ba, wai ba za ta iya shiga ta tarar ba kya ciki ba. To ni fa, da nake kwana ina tashi a ciki? Cikinta wata shida yanzu, Rifkatu. Ina tsoron jikanmu ya zo duniya bai san hanyar gidan kakansa ba.

Mijin nata ne ya tsegunta mini cewa ba abin da take kwaɗayi sai wantan ɗinki mai yaji, wanda kika koya lokacin da kike yi wa 'yan Caina masu aikin titi girki a Kakuri. Kin tuna ina ce masa ɗanwake mai riga? Ina yi miki tsiya, ina kuma tashi da kwano biyu.

Sai na ce bari in gwada. Tsofai-tsofai da ni na shiga kasuwa, na sa aka niƙa mini nama, na sayo citta da tafarnuwa da albasa mai lawashi. Na kwaɓa fulawa da ƙwai da gishiri. Man barkonon ya yi kyau, don na zuba mai mai zafi a kan dakakken barkono da riɗi yadda kike yi, na yi ta atishawa har Mama Nkechi ta leƙo. Na ɗauko kwalbar da kike murzawa da ita, na murza kwaɓin falle-falle har arba'in, na jera a faranti, sannan na zauna zuba nama da naɗewa. Kafin in gama na biyar, sauran sun bushe. Duk wanda na lanƙwasa sai ya tsage. Waɗanda suka kai tukunya kuwa suka fashe, nama gefe, riga gefe.

Nan na zauna a kujerarki na yi kuka. Ashe aikin mutum biyu ne, ɗaya na murzawa ɗaya na naɗewa tun fallen yana da laushi. Da can ke da Hannatu kuke yi. Da ta yi aure, duk Asabar sai kin kira ni in kama miki, ni kuwa in ce aikin mata ne, in tafi dara wajen masu gyaran mota. Shekara huɗu kina yi ke kaɗai, ki murza uku ki naɗe uku, ki tashi kina dafe da baya. Me ya hana ki gaya mini? Ko kin gaya mini ne ban ji ba? Ki yafe mini. Na ɗauka hira kawai kike nema. Ko da hirar ce ma, me na tsinta a wajen darar?

Na kira Hannatu na faɗa mata gaskiya, na gwada na kasa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jiya Asabar mai keke-napep ya sauke ta a bakin get. Na buɗe mata, ta tsaya riƙe da jaka tana kallon ƙasa. Ban matsa mata ba. Na koma na kinkimo tebur da kujeru biyu da kwaɓin, na ajiye a waje, a inuwar katanga. Nan muka yi aikin, masu wucewa suna kallo. Ina murzawa tana naɗewa, ta ba gidan baya. Yatsunta naki ne sak, har yadda take dangwala ruwa ta shafa bakin fallen. Ni na shiga na dafa na kawo. Ta ci da yawa tana share hawaye, ta ce barkono ne. Ban musa ba.

Kafin yamma ta tafi da nata a kula. Na mayar da tebur ni kaɗai, na wanke kwanuka, gidan ya koma shiru. Na ƙirga, daga get zuwa ƙofar ɗakinki taku tara ne. Ke ce kika iya lallashin yarinyar nan, ni ban taɓa koya ba. Yaya zan yi da taku taran nan kafin ta haihu?

Ki huta lafiya, sai Ubangiji ya sada mu.

Mijinki,
Bitrus, Baban Hannatu