Yatsu Ukun Baba

Tsiga, Ƙaramar Hukumar Bakori,
17 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga ƙanena Mus'ab,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sadiya, ya kuma ba ku juriyar ruwan Fatakwal ɗin nan da ka ce ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. An kawar da masara, dawa ce ta rage a gona, waken suya kuwa bana bai yi yadda aka so ba, amma ba a faɗi ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma islamiyya. Matar ɗan'uwanmu Mahadi ta kusa sauka, ku sa ta a addu'a. Na san za ka yi mamakin takarda daga wurina alhali kullum muna waya. Dalili shi ne akwai ban haƙuri a cikin maganar, kuma ka san Yayarka, in na fara ba ka haƙuri da baki sai na ƙarasa da faɗa. Shi ya sa na rubuta na ba Jibo direba, tunda gobe zai yi lodin masara daga Funtua zuwa wajenku.

Ka tuna yadda ka bar Baba da ƙaramar Sallah, wata biyu bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun dama ya ƙi, musamman yatsu ukun nan, manuni da na tsakiya da mai bi masa. Abin da muka ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi shi ne, tun ranar da aka sallamo shi Baba ya daina fita ciyayya. Shekara arba'in suna haɗa kwano da Malam Mudi da sauran maƙwabta a ƙofar gida bayan magariba, amma ya ce shi ba zai sa hannun hagu a kwanon jama'a ba, ba kuma za a ba shi a baki kamar jinjiri a gabansu ba. Sai ya koma ci a ɗaki, ƙofa a rufe, loma biyar ya turo kwano. Ya rame, Mus'ab, har hularsa ta yi masa yawa. Likitan gashin ƙashi a Malumfashi ya ce hannun zai iya dawowa in ana motsa yatsun kullum, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya jefa ta ƙarƙashin gado ya ce shi ba ɗan yaye ba ne.

Ana cikin haka saƙonka ya iso. Muka buɗe kwali muka ga na'urar wasan faɗa da allunan nan biyu masu sanda a hagu da maɓallai shida a dama. Ba sai na maimaita abin da na gaya maka a waya ba, amma zan maimaita don ka san ban manta ba. Na ce 'ya'yan mutane suna aiko wa iyayensu magani, kai ka aiko da abin wasan da ya cinye maka ƙuruciya. Ka ce in bari a gwada, ai ka tambayi likitan kafin ka saya, ni kuwa na kashe wayar. Mahadi ne ya haɗa abin da talabijin da batirin sola a falon Baba. Kwana biyu Baba yana kallonsa ta wutsiyar ido. Rana ta uku ya ga wani ƙato a cikin 'yan faɗan ya ɗaga mutum ya maka da ƙasa, sai ya gyara zama. Ka san Baba da kokawa, har yau in an taɓo zancen sai ya lissafa wa mutum waɗanda ya kayar a Bakori yana saurayi. Ya ce a miƙo masa allon. Shi ya raɗa wa ƙaton nan suna Buhu, wai don jikinsa ba wuya ba ƙugu, kuma tun daga ranar bai taɓa ɗaukar wani ba.

Takardar da ka sako a cikin kwalin Mahadi ya manna ta a bango. Ni da na ce ba ruwana, yanzu na haddace ta kaf. Ka jera 'yan faɗan sahu huɗu, na farko su ne masu sauri da dogon hannu waɗanda ka ce su ake ɗauka a gasa, na ƙarshe kuma waɗanda ka ce sai mai taurin kai. Buhu na can a sahun ƙarshe, na biyu daga ƙasa. A bayan takardar ka rubuta wa ke cin wa, ka ce matar nan da muke kira Mai Bulala ita ce ajalin Buhu, domin tana tsaye daga nesa tana zabga masa, shi kuma ba shi da abin yi sai ya matso ya kama. Ka ce in gwanaye biyu suka haɗu, a karo goma ita za ta ci bakwai, shi uku. Ka kuma ja layi ƙarƙashin babban kamun Buhu, ka ce ba ya fita sai an juya sanda an danna maɓallai uku tare da yatsu uku. Sai daga baya na gane dalilin layin nan.

To ga inda muka ɓata abin. Masu zama da Baba su yi wasan su biyu ne, Mahadi da maigidana, Baban su Adawiyya. Kai ka gaya mini, wane ɗa ne zai zage ya lakaɗa wa mahaifinsa duka, ko da a talabijin ne? Balle suruki, mutumin da ko ido ba ya haɗawa da Baba, yana zaune a ƙasa a takure, allo a cinya kamar an ba shi ajiya. Ba wanda ya shirya da wani, haka kawai kowannensu ya riƙa sakar masa. Su ɗauki Mai Bulala, maimakon su tsaya nesa sai su tako har gaban Buhu su tsaya. Baba ya yi ta danna maɓalli ɗaya da babban yatsa har a ce ya ci, mu kuma mu yi ta tafi daga bakin ƙofa. Ni ce ma kan gaba wajen tafin, Allah ya yafe mini. Wata guda cur ana haka, muna murna Baba yana dariya, ba wanda ya lura yatsu ukun nan na kwance a kan allo ba abin da suke yi.

Wata Laraba da hantsi ya sa aka ciro masa takardar, ya sa tabarau ya karanta ta ciki da baya. Ka san shi da takardun irin masara, ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikin buhu sai ya gwada da abin da gona ta ba shi. Ya sa aka kira su biyun, ni ma ina wurin na kawo masa kunu. Ya ce Mus'ab ya rubuta gwani da lafiyayyen hannu uku yake ci a goma, shi kuma da mataccen hannu ya ci goma a goma har wata guda, saboda haka ko dai Mus'ab maƙaryaci ne, ko kuma su ne. Ba wanda ya ɗaga kai. Ya ce ashe abin har ya kai a riƙa lallaɓa shi a gidansa kamar wanda hankalinsa ya taɓu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mana sauƙi. Ya sa aka rufe na'urar da zane. Mako uku bai taɓa ta ba, abincin ma ya ƙara raguwa, Inna ta yi kuka har ta gaji. Wallahi a kwanakin nan na tsorata, na fara tunanin haka za mu zuba ido ya ƙare a ɗaki.

Sai Allah ya kawo Adawiyya hutu daga makarantar jinya. Ka san 'yar nan tawa, kai ka lalata ta da wasan nan tun tana firamare, na sha zaginka a kai. Ta shiga gaishe shi, ta yaye zanen, ta ce ashe angon nata tsoro ya ji ya ɓoye kayan faɗa, to ita ba ta zama da ragon miji. Ya ce ta fita ta ba shi wuri, mummuna kawai, wa ma zai aure ta. Ta ce in ya isa ya ɗauki allo. Nan ne kaina ya waye. Duk gidan nan ba mai iya dukan Baba ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba sai jika, mu kuwa muka tura masa ɗa da suruki. Ta ɗauki Mai Bulala ta tsaya can ƙarshen fili, ta yi masa ci goma sha ɗaya a jere, ko taɓa ta bai yi ba. Duk ci sai ta yi guɗa. Ina tsakar gida na ce yau yarinyar nan ta ƙarasa mana shi. Sai na ji ya daka tsawa ya ce a sake. Rabon da in ji wannan muryar tun kafin ciwon.

Daga ranar kullum bayan la'asar suna nan. Ta gaya masa gaskiya, ta ce takardar kawunta ba ƙarya a ciki, in yana son sauƙi ya bar Buhu ya ɗauki ɗan sahun farko. Ya ce shi bai taɓa sauya abokin kokawa don an ce ya fi ƙarfinsa ba, ukun nan da aka ce nasa ne su yake nema. Sai ta koya masa yadda ake nemansu. Ya daina tsalle, don a sama bulala ta fi samunsa. Ya riƙa karewa yana matsowa taku ɗaya ɗaya, ya yarda a rage wa Buhu jini kaɗan in dai zai ƙara kusantar ta. Ta nuna masa cewa bayan bulala ta uku hannun matar yakan ɗan daɗe kafin ya dawo, ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a nan kaɗai kamun yake shiga. Baba ya gane wannan tun a makon farko, ya ce ai haka kokawa take, ana jiran mutum ya sauya ƙafa ne. Matsalar yatsun ce. Sai ya kai gabanta daidai lokacin, ya juya sanda, manuni ya sauka, sauran biyun su makara, Buhu ya kai wani naushin banza, ita kuma ta zane shi. Na ga gumi na ɗiga daga gemunsa, na ga yana kama yatsun da hannun hagu yana jera su a kan maɓallai yana yi musu faɗa. Da safe ma, ba kowa, sai ka ji ƙwas ƙwas daga falo, shi kaɗai yana gwadawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, kwana talatin da huɗu da farawarsu, ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Suna cikin wasa, Baba ya kare bulala ta farko, ya kare ta biyu, ya kare ta uku, sai na ji ƙarar allon ta fita daban, ƙwas guda ɗaya mai nauyi. Buhu ya cafke matar nan ya ɗaga ta sama ya maka da ƙasa. Adawiyya ta yi ihu har tiren ya kusa suɓuce mini. Kada ka ce ya ci wasan, bai ci ba, ta tashi ta ƙarasa shi, kuma har yau da nake rubutun nan bai taɓa cin ta ko sau ɗaya ba. Amma shi ko talabijin ɗin bai kalla ba. Hannunsa yake kallo, yana buɗe yatsun yana rufewa, su ukun tare. Ya daɗe a haka. Sannan ya tambayi Inna me ake dafawa, ta ce tuwon masara miyar kuɓewa. Ya ce a kai kwanonsa waje.

Na laɓe a zaure ina leƙe, ban ji kunyar kowa ba. Malam Mudi ya matsa masa a tabarma, kamar jiya suka rabu. Baba ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya sa hannun dama ya yanko tuwo. Lomar farko ta faɗi a tabarma. Ta biyu ta kai, miya na bin hannunsa har gwiwa, duk mutanen nan kowa ya sa ido a kwanonsa. Can Malam Mudi ya tura masa tsokar nama gabansa a hankali. Baba ya mayar masa da ita da yatsun nan, ya ce kowa ya ci rabonsa, shi ya gaji da a bar masa. Suka yi dariya, ni kuwa na koma cikin gida na zauna bayan rumbu na yi kukana.

Mus'ab, ka yi haƙuri da abin da na faɗa maka, na yi kuskure. Ka san Baba fiye da yadda muka san shi mu da muke tare da shi kullum. Na gode, na gode, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka. Likita ya ce a ci gaba, da sauran aiki, amma jiya ma a waje ya ci, ya kuma nemi ƙari.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Mahadi da maiɗakinsa, da Baban su Adawiyya, da Bushra da sauran yara duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Sadiya da kyau, ka ce kuka da daddawar da ke cikin ƙullin nata ne, kada ka raba wa abokanka. Ka gaida Kawu Sada in kun haɗu. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Shafa'atu Maiwada