Ƙasarin Gidan Salamatu

Zuwa ga mijina Lirwanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Anka. Yaya tarin nan da ƙurar dutse take sa ka? Inna tana gaishe ka.

Ragonmu ya cika turke. Ƙungiyarmu ta matan Gwashi ta sami mai saye daga Gusau, amma sai an gwada naman. Likitar dabbobi, Malama Ummukulsum, ta sa an yanka ragon maƙwabciyarmu Salamatu, ta ɗebi hanta da ƙoda ta sa cikin ƙanƙara. Wai akwai maganin ƙiba da aka hana, mai maƙalewa a nama ya cuci mai ci. In an karɓi namu, za ka bar ramin zinariya kamar yadda ka yi mini alkawari. Har na ga ranar a raina, ka shigo da farar riga, irin ta ƙarshen littattafan soyayyar da nake karantawa.

Taka,
Rufaida

Mijina,

Gaisuwa da fatan alheri. Labarin yau ba daɗi.

An sami maganin a hantar. Wani mai talla ne ya sayar wa Salamatu garin, ya ce mata sinadarin ƙarin jini ne. A ƙasarin gero take dama shi. Ka kuwa san kowace safiya takan aiko mana da ragowar ƙasarinta a bokiti, don zumunci. Ta yi kuka har ta ba ni tausayi. Malama ta aski gashin ragonmu, ta tari fitsarinsa, ta ce in an ga maganin ba za a karɓe shi ba. Na kasa buɗe littafi. Ka yi mana addu'a, kada ka shiga ramin da ya sha ruwa.

Matarka,
Rufaida

Lirwanu nawa,

Ina gaishe ka da farin ciki, ina fata tarin ya lafa.

Ba a sami komai a jikin ragonmu ba, an karɓe shi. Na yi ta mamaki har Inna ta warware mini. Ni dai nakan karɓi bokitin in ajiye a bakin ƙofa in koma karatu, in na fito in tarar ba komai, in ɗauka Inna ta ba ragon. Ashe rana ke dukan ƙasarin har ya yi tsami, ita kuma ta juye a rariya tana ƙunƙuni. Ta ce ba ta taɓa zaton lalacin suruka zai yi rana ba.

Matan ƙungiya sun haɗa wa Salamatu ɗan tunkiya ta sake kiwo, garin kuma Malama ta tafi da shi.

Ka haɗa kayanka. Ba sai ka nemi farar riga ba, ka zo da wadda ke jikinka. Ka biya kasuwa ka sayo mini kashi na uku na littafin nan. Inna ce ta ce a saya.

Mai jiranka,
Rufaida