Auren Desmond da Fanshon Mahaifinsa

Toledo, Ohio,
14 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Alvin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan mutanen gidanka. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta maka ciwon bayan da matarka Maxine ta ce ya hana ka fita kamun kifi bana, ya kuma tsare ku daga sanyin Alaskan nan da har yau na kasa gane abin da ya zaunar da kai a cikinsa shekara arba'in. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta dama da ke yi mini tsiya duk lokacin da hadari ya haɗu. Gwaggo Odessa ta cika casa'in da ɗaya ranar Asabar, ta cinye soyayyar tarwaɗa biyu ita kaɗai, ta ce in tambaye ka ko sai ta mutu za ka zo. Na zaɓi takarda a kan waya ne domin na san halinka, kafin in kai rabin magana ka katse ni ka fara ba ni shawara. Wannan karon sai ka ji ta har ƙarshe.

Ɗanka Desmond, yaron nan nawa, zai yi aure. Sunan matar Corinne, ita ce direbar motar da ke ɗaukar masu keken guragu a unguwarmu, kuma shekara huɗu ke nan tana kai shi wurin aiki tana dawo da shi. Ni ina ganin tana daɗewa wajen ɗaure masa keke a cikin mota, na ɗauka tsabar kula da aiki ne. Wata Lahadi bayan coci ta zauna cin abinci da mu, ina cikin yanka burodin masara sai ya ce, Mama, ajiye wuƙar nan tukuna kada ki yanke yatsa. Ka san yadda magana take fitar masa a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, amma ranar ko sau ɗaya bai tsaya ba. Na yi kuka, na rungume su, na ƙone wake a kan wuta. Yaron da likita ya ce mini ranar haihuwarsa kada in sa rai da yawa, ga shi da shekara talatin da shida yana maganar mata. Kwana bakwai na yi ina jin daɗin nan, Yaya, bakwai kacal.

Lahadin da ta biyo baya Geneva, wadda muke ƙungiyar mawaƙan coci tare, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na je ofishin fansho na gwamnati na ji abin da aure zai yi wa kuɗin Desmond. Na ce mata ina ruwan gwamnati da auren ɗana. Ta ce ke dai je ki. Ranar Talata na je, na karɓi lamba, na zauna awa biyu kafin a kira ni. Matar da ta saurare ni mai kirki ce, ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna mini komai. Ta ce abin da Desmond yake karɓa duk wata haƙƙin mahaifinsa ne, na shekara talatin da ɗaya da marigayi Roscoe ya yi a masana'antar gilashi, ana ba shi ne a matsayin ɗan da naƙasa ta same shi kafin ya kai ashirin da biyu. To wai ranar da ya yi aure ya tashi daga wannan matsayi. Kuɗin zai tsaya, katin asibitin da ke tafe da kuɗin shi ma zai bi shi. Sai fa in matar da ya aura ita ma tana karɓar irin wannan tallafi, Corinne kuwa lafiyarta ƙalau, albashi take ɗauka. Na tambaye ta in auren ya mutu fa, za a mayar masa? Ta ce kada in dogara da haka ko kaɗan. Na ce ashe sai ya je ya nemo wadda ta fi shi ciwo sannan a bar shi ya yi aure. Ba ta yi dariya ba, ta ce ba ni ce uwa ta farko da ta faɗi haka a kan wannan kujera ba.

Kai ka san ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Katin ne. Shi ya sayi kekensa mai batir, shi yake biyan 'yar na'urar nan da aka dasa masa a ciki, mai tura maganin da ke sassauta masa jijiyoyi, wadda dole likita ya sake cika ta duk bayan 'yan watanni. Ka tuna shekarar da ta lalace, yadda jikinsa ya sandare muka yi kwana tara a asibiti? Ina fitowa daga ofishin nan abin da na riƙa gani ke nan.

Kwana goma sha tara na riƙe maganar ban faɗa masa ba. Na kasa zama wuri ɗaya. Na wanke labulen gidan duka, na fitar da kwanuka na goge na mayar, na canza wa kujeru wuri har sau uku, har Desmond ya ce in na ƙara matsar da teburin nan zai nemi taswira kafin ya shiga falo. Sai in ɗauki mota in nufi kanti, in tsinci kaina a bakin kogi ban san abin da ya kai ni ba. Daga nan na yi abin da nake jin kunyar rubuta maka. Na je garejin motocin su Corinne a ɓoye, na same ta tana shan kofi, na gaya mata komai, na roƙe ta ta ce masa ba ta shirya ba, su ci gaba da zama yadda suke. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, Mama Vernita, ina girmama ki, amma ba zan yi masa ƙarya don ki samu sauƙi ba, ki je ki faɗa masa da bakinki. Ban daddara ba, na wuce wurin fasto, na ce ya sa musu albarka a coci ba tare da takardar kotu ba, tunda takardar ce gwamnati take dubawa. Ya ce in su biyun suka zo da wannan buƙata zai zauna da su ya saurara, amma ba zai tsara wa baligi aure da uwarsa a bayan idonsa ba.

Washegari da rana ina wanke kwanuka Desmond ya turo kekensa har bakin ƙofar kicin ya tare hanya, ya ce Corinne ta gaya masa na je. Na fara kame-kame, ya ce in buɗe aljihun bayan kekensa. Wata jakar takardu ce ta tsufa, cike da bayanan ofishin fansho, ya ja layi a ƙarƙashin wasu wurare da jan biro. Yaya, tun yana da shekara ashirin da biyar ya san dokar nan. Ya ce ko na tuna Simone, yarinyar da suka yi makarantar koyon kwamfuta tare, wadda na yi shekara ina zagi don ta guje shi? Ba ita ta guje shi ba. Shi ya sallame ta bayan ya karanta takardun nan, ya bar ni ina zaginta domin ya san in na ji gaskiya zan ce ya kyauta. Sai da na nemi kujera na zauna.

Ya ce wannan karon ya yi shiri. Inshorar lafiya ta wurin aikin Corinne tana ɗaukar miji, sun riga sun tambaya. Mai shagon kayan gyaran mota inda yake duba odar kaya a kwamfuta kwana uku a mako ya ce zai mayar da shi kwana biyar. Na ce likitan na'urarka fa? Ya amsa cewa inshorar ba ta biyan duka, za su riƙa cikawa. Na ce in aka sallami Corinne daga aiki fa, in ta yi haɗari, in ta gaji da kai? Ya ce duk zai iya faruwa. Nan na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba tun yana yaro. Na ce ubanka ya ƙone hannuwansa a bakin wuta don kada ka rasa magani, kai kuma za ka watsar a rana ɗaya. Na ce shekarata sittin da bakwai, gwiwata ta tafi, in abin ya rushe wa zai ɗaga ka? Ya jira na yi shiru, ya ce, Mama, Baba ya yi wahalar nan ne don in rayu, ba don a ajiye ni a ɗaki ana goge mini ƙura ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi yana biyayya ga takardar nan, ta ba shi magani da keke, ya gode, amma ba ta taɓa tambayarsa yadda ya wuni ba. Ya juya kekensa ya fita, ya bar ni da kumfa a hannu.

Ba zan ce maka na yarda ba. Har yanzu ina ganin ganganci ne. Gaskiya ma da na ɗauki biro niyyata in roƙe ka ka kira shi ka hana shi, tunda maganarka yake ji fiye da ta kowa. Na kai nan kuma na ga ba zan iya ba. Na riga na bi ta bayansa sau biyu, ba zan yi na uku da kai ba. Sun sa ranar ashirin da ɗaya ga Yuni, kuma ya ce kai yake so ka tsaya masa a matsayin uba. Ka fara neman tikiti tun yanzu, kada ka kawo mini zancen ciwon baya.

Ranar Alhamis za su je kotu karɓar takardar izinin aure. Corinne za ta same shi a can daga wurin aiki, don haka ya tambaye ni ko zan kai shi, ya ce in ba zan iya ba zai kira motar haya, ba zai riƙe ni a zuci ba. Ban ba shi amsa ba tukuna. Amma ɗazu na je na cika tanki da mai, na kuma goge masa farar rigarsa na rataye a ƙofar ɗakinsa.

Ka gaida mini Maxine da kyau, ka ce mata ta zo da takalmin rawa. Ka gaida yaranka, Terrell da matarsa da jaririyarsu, da Yvette in ta kira daga makaranta. Gwaggo Odessa da Geneva suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, ni ce ma na fi shi buƙata.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Vernita