Abin da Tizón Yake Ji

Tultepec, Janairu

'Yata Nayeli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki kuna lafiya a Monterrey. Wayar gidan nan ta daina ƙara, shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Garin ya yi laushi, Nayeli. Ƙararrawar coci ta koma can nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa ake kaɗa ta. Da yamma nakan zauna a ƙofa ina kallon samari suna gwada wasan wuta, ja da kore suna buɗewa a sama a hankali, sai ƙamshin albarushi ya sauko. Lokacin da nake haɗa irin waɗannan wutar da hannuna, ƙara gare su, ba su da wannan ladabin. Wani sa'in sai in ga kamar marigayiya mahaifiyarki za ta ɓullo da kwandon tortiya, gurasar nan tamu ta masara.

Tizón kaɗai ke ɓata mini zama. Karen nan ya haukace. Ina zaman zamana sai ya daka mini tsalle, ya ja ni wajen ƙofa. Jiya a titi ya cafki wandona ya fizge ni har na faɗi gefen kwata. Maƙwabciyarmu Chayo ta ce haushinsa ya hana unguwa sakat, ni dai ban ji wani haushin a zo a gani ba.

Akwai wani Rigo mai horar da karnukan gadi. Yana da abin wuya mai jan lantarki, ya ce zai ladabtar da shi. In bai yi ba, aminina Crescencio zai kai shi gonarsa.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Eleuterio

*

Baba,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Karen Mama za ka sa wa lantarki?

Na kira Rigon nan naka. Na tambaye shi inda ya koyi aikin, ya ce a titi. Na ce zai fara duba lafiyar karen? Wai, “Uwargida ta Monterrey, kare ba likita yake buƙata ba, ubangida yake buƙata.” Ko sunan karen bai tambaya ba.

Na samo wata, Likita Araceli Murguía. Likitar dabbobi ce, ta ƙara karatu kan halayyar karnuka, na ga takardunta da idona. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Tambayoyi ta yi ta jero mini: yaushe ya fara, wa yake yi wa, me ke faruwa kafin ya yi. Za ta zo gida ran Asabar. Don Allah kada ka ba da Tizón kafin nan. Ka kuma sa wandon kirki, in ya rage maka.

'Yarka mai kewarka,
Nayeli

*

'Yata,

Bayan gaisuwa, likitarki ta zo. Tizón ne ya ja ni ƙofa na tarar da ita a tsaye, wai ta daɗe tana bugawa.

Ta duba shi daga kunne har wutsiya, ta sha kunun masara, ta yi ta kallonmu mu biyu. Can ta tashi ta tsaya a bayana. Sai ga Tizón a ƙirjina. Ta zagayo gabana, ta dube ni ido cikin ido.

“Baba Eleuterio, sau nawa na kira sunanka?”

“Ba ki kira ba.”

“Shi dai ya ji,” in ji ta.

Ta tambayi ranar da na faɗi a titi. Kafin in buɗe baki Chayo ta leƙo ta kan katanga, ta ɗaga murya: “Motar gas ce a bayanka, tsohon nan! Tana ta hon, kai kana tafe kamar sabon ango!”

Likitar ta ce karen bai haukace ba, gajiya ce. Ya ɗauki aikin kunnuwana ya ɗora wa kansa, ko barcin kirki ba ya yi. Za ta koya masa ya riƙa taɓa ni da hanci maimakon haƙori, amma ba zai huta ba sai na je asibiti an duba kunnuwana.

Kunya ta kama ni, da tsoro. Ina son wannan shirun, Nayeli. A cikinsa nake jin mahaifiyarki tana waƙa a kicin. In aka buɗe mini kunne, ina za ta je?

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Mama ba ta taɓa barin kowa ya yi aikin gida shi kaɗai ba, ko da kare ne. Ka je.

Nayeli

*

Tultepec, Maris

'Yata,

Na je asibiti, an sa mini na'urar ƙara ji a kunne. Ashe haka garin nan yake da hayaniya, ashe haka muryar Chayo take! Waƙar mahaifiyarki ta ja baya, na zauna a kicin na yi kuka.

Yanzu rana tsaka ce, Tizón yana kwance a kan ƙafata yana minshari. Ban taɓa sanin yana minshari ba. Na ce wa Crescencio ya nemi wani karen.

Wayar nan lafiyarta ƙalau. Ki kira.

Babanki