Ƙofar da Ta Makara a Zuciyar Yaya Okryon

Litinin, 4 ga Maris

Ruwa da sanyi, iska daga arewa. Awa huɗu na yi ina nutso, katantanwa ta cika raga. Shekarata sittin da ɗaya, har yau duk ƙauyen nan babu macen da ke daɗewa a ƙarƙashin teku kamata. Kowa ya sani.

Hyerim ta bugo daga birnin Jeju. 'Yar Yaya Okryon ce, amma a hannuna ta tashi tun tana shekara biyar. Ta baro aikinta a Seoul wai nutso za ta koya, gadon uwarta. Sai ga shi watan jiya ta suma a wurin koyon iyo, ruwa iya ƙirji. Yau sakamakon jininta ya fito.

"Inna, likita ta ce ki zo."

Na ce me ya haɗa ni da likita, ni da ban taɓa kwana asibiti ba? Ta ce maganar Mama ce.

Na bar shinkafa ta ƙone.

Alhamis, 7 ga Maris

Likita Pyon 'yar firit ce, da ganinta ba za ta iya ɗaga ragata ba. Amma ta zaunar da ni ta ɗauki biro, kuma tun da nake ban taɓa jin irin abin da na ji ba.

Wai naman zuciya ƙananan ɗakuna ne, miliyoyi, kowanne da bangonsa. Ruwan gishiri a waje, ruwan gishiri a ciki, amma gishirin ba iri ɗaya ba. A bangon akwai ƙofofi. Wasu su buɗe, na waje ya kutsa, wuta ta tashi, zuciya ta matse. Sai wasu su buɗe a bayansu, na ciki, wanda ta kira potasiyam, ya fice, zuciya ta saki ta jira bugu na gaba. Kowane bugu haka, tun ina cikin uwata.

Ta zana mini ƙofar: sassa huɗu sun yi da'ira, rami a tsakiya, kamar mu huɗu in mun kewaye wuta. Ta ce potasiyam kaɗai take bari ya wuce. Gishirin miya ya fi shi ƙanƙanta, amma in ya zo ba ya samun hanya. Na ce to wa ke gadi? Ta yi dariya ta ce babu kowa, Samchun (haka ake kiran manya a nan), ƙirarta ce haka.

Shekara arba'in da biyar ina shiga teku, ashe ina yawo da wani tekun a ƙirjina.

Ta ce Hyerim an haife ta da ɗan lahani a wannan ƙofa. In zuciya ta ɗauki gudu, musamman a ruwan sanyi, ƙofar tana makara. Sai zuciya ta rikice ta kama karkarwa, jini ya tsaya, mutum ya tafi ko ihu babu. Kuma gado ne.

"Mahaifiyarta ta yaya ta rasu?"

Hyerim ta riga ni. "Kwaɗayi ne, likita. Ta koma ciro jonbok, babbar katantanwar nan mai tsada, numfashinta ya ƙare. Inna ta gani."

An ɗebi jinina, an ɗebi na Dushik babanta. Sakamako sai nan da wata ɗaya ko fi.

Juma'a, 8 ga Maris

Bari in rubuta ko sau ɗaya.

Ban gani ba.

Bibbiyu muke shiga, ɗaya a ƙasa, ɗaya a saman ruwa ta rungume gorar iyo tana kallo. Ranar nan, shekara ashirin da shida ke nan, ni ce mai kallo. Akwai wani dutse da na ɓoye wa kowa, jonbok a jikinsa kamar tafin hannu. Da Yaya ta sauka sai na ce bari in leƙa, minti ɗaya. Da na taso, gorarta ce kaɗai ke lilo.

Samchun Gyewol, shugabarmu, ta riƙe kafaɗata a bakin gaɓa ta ce Malsun, me ya faru? Bakina ya ce na ga ta taso ta sake juyawa. Shi ke nan. Tun ranar duk sabuwar da ta shigo sai an ja mata kunne, kada ki yi irin ta Okryon. Innarmu ta mutu tana cewa ta zaɓi katantanwa ta bar 'yarta.

Kwaɗayin nawa ne.

Laraba, 13 ga Maris

Yau a ƙasa na manta abin da na je nema. Na riƙe dutse ina sauraro. A can babu ƙarar komai sai zuciyata, dum, dum, tana rage gudu. Na ce a raina yanzu sun buɗe, yanzu sun rufe. Miliyoyi, babu mai kira, babu mai tafi, kuma tare. Mu goma sha biyu ne a ƙungiya, ko lokacin fita ruwa ba ma iya haɗa baki.

Na taso da raga rabi. Samchun ta ce, "Yau kuma sarauniya barci ta yi a ƙasa?" Na ce na bar muku ne ku ma ku ci.

Talata, 19 ga Maris

Hyerim ta fara shan ƙwaya safe da yamma. Nutso kuwa har abada. Ba ta yi kuka a gabana ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Tana zuwa gaɓa tana taya mu fasa bushiyar teku. Hannunta na uwarta ne, cokali ɗaya ta kwashe ƙwan tas. Muna cikin yi, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Inna, da idonki kika ga ta juya?"

Na ce ruwan ya yi duhu ranar.

"Amma kin gani."

Na ce miƙo mini kwandon can.

Talata, 16 ga Afrilu

Sakamako. Dushik lafiya lau. Ya shafa sanƙonsa ya ce shi dama ban da sanƙo babu abin da zai bar wa kowa. Babu wanda ya yi dariya.

Ke nan daga Yaya ƙofar nan ta zo. Likita ta ce ba za ta rantse cewa ita ta kashe ta ba, tunda ba ta nan, amma mace mai wannan ƙofa, a ruwan hunturu, ba ta bukatar wani dalili.

Ni kuma babu komai. Tawa ƙalau.

Na ce ta yaya, uwa ɗaya uba ɗaya? Ta ce rabi da rabi ne, kowane ɗa da abin da ya faɗo masa. Na zauna ina kallon takardar. Ni da nake cika baki cewa na san iyakar numfashina, na iya kame kaina, shi ya sa teku ya bar ni. Ashe ƙofa ce aka ba ni mai buɗewa a kan lokaci, ban saya ba, ban roƙa ba.

Na tambaye ta, to yaya aka yi ta shekara ashirin tana nutso? Ta ajiye biro. Ta ce, "Samchun, ni ma abin da nake ta tunani ke nan. Sauran ƙofofin ne suka yi ta rufa mata asiri, sau dubbai, har ranar da suka kasa."

Shekara ashirin! Kullum tana sauka da abin nan a ƙirjinta, tana tasowa tana fito tana tsokanata. Kai, Yaya.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ba a shiga ruwa ba, igiyar ruwa ta yi yawa. Na wanke rigar roba sau biyu.

Laraba, 8 ga Mayu

An karɓi sabuwa, Miran, matar mai gyaran injin jirgi. Mun fito muna jin ɗumi, dankali a toka, Hyerim tana zuba mana ruwan zafi. Samchun Gyewol ta gyara zama, na san abin da ke tafe.

"Ke sabuwa, buɗe kunnenki. In kin ga jonbok numfashi ya kusa ƙarewa, bar shi, gobe yana nan. Akwai wata a nan, Okryon..."

Na ce, "Samchun, tsaya."

"Yau kuma a bakina za ki yi nutso?"

Na ce ba ta juya ba. Ko ta juya ban sani ba, don ba na wurin. Na bar gorata na tafi dutsena. Ƙarya na yi miki.

Wallahi har ƙarar wutar sai da na ji. Na soma yi musu bayanin ƙofofin, sassa huɗu, gishiri iri biyu, duk na cakuɗa, ina zane da itace a toka kamar mahaukaciya. Wata ta ce wace ƙofa kuma, Malsun ta fara ruɗewa. Samchun ta daka mata tsawa. Shekararta tamanin da uku, ta daɗe tana kallona.

"Sau nawa na ba da labarin nan?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Da bakina. A gaban yarinyar nan." Ta juya wajen Hyerim ta sunkuyar da kai, ita da ba ta sunkuya wa ko shugaban gunduma ba.

Hyerim ta ajiye butar a hankali ta tafi.

Talata, 14 ga Mayu

Tana gidan babanta. Ba ta ɗaga waya. Daidai ne.

Babu wadda ta ƙi shiga ruwa da ni, amma na lura Samchun ta sa mutum biyu suna kallona maimakon ɗaya.

Lahadi, 26 ga Mayu

Hyerim ta zo da hantsi ina shanya ciyawar teku. Ba ta gaishe ni ba. Ta tsuguna ta kama ɗaya gefen tabarmar muka ja tare. Can ta ce ba ta yafe ba tukuna, kada in ɗauka. Na ce ban tambaya ba.

"Duk abin da na sani game da Mama shi ne yadda ta mutu. Yaya take a ruwa?"

Na ce tana sauka a miƙe, ba ta fantsama ko ɗigo. Na ce fitonta in ta taso har daga gaɓa ana gane shi.

"Ta kai ki?"

Na ce ta fi ni. Da kaɗan.

Ta ci miyar kabewa kwano biyu kafin ta tafi, ta ce gishiri ya yi yawa. Bai yi ba.

Yaya kuwa, ba da kaɗan ta fi ni ba.